Na Ci Haƙƙin Ƙafar Yayana

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na wannan majalisa. Ina gaishe ku da sunan Allah mai karɓar tuba. Ku ajiye shayin tukuna, abin da zan faɗa ba ya tafiya da shayi.

Ni ne Habu. Kun san sana'ata, bin takardun mutane ofis-ofis. Kun kuma san Yaya Usman, wanda ya tafi aikin soja kan iyakar kudu da ƙafa biyu, ya dawo da ɗaya.

Da aka sallamo shi daga asibiti, ni ya yi wa wakala, wato izinin sa hannu a madadinsa, a kan takardunsa duka. Ko dubawa bai yi ba. Ya ce, "In na tsaya karanta takardar ƙanena, ta wa zan sa wa hannu ido rufe?"

A cikinsu na ga hukuma tana ɗauke wa sojan da ya nakasa a bakin aiki harajin sayen gida. Gida ɗaya, sau ɗaya tak. Lokacin ina cinikin wani gida na ƙasa a unguwar Khalidiyya, ina so in zuba 'yan haya. Sai na rubuta shi da sunan Yaya, haraji ya faɗi. Na ce wa zuciyata ai shi ba shi da kuɗin gida, haƙƙin nan lalacewa zai yi a banza.

Shi kuwa yana haya a unguwar Anbariyya, hawa na uku, ga matakala kamar tsani. Duk Juma'a ni nake goyo shi in sauko da shi. Maƙwabta suna cewa, "Masha Allah, wannan shi ne ɗan'uwa." Ni kuma in sunkuyar da kai wai kunya. In sumbaci kansa da bakin nan da ya cuce shi. Ƙuda ne ni, jama'a, a kan miki nake cin abinci.

Shekara biyu ana haka. Sai diyyarsa ta fito, ya samu wani ɗan gida na ƙasa wajen Uhudu. Kuɗinsa ba za su kai ba sai an ɗauke masa harajin.

Ya ce, "Gobe ka kai ni ofis da kaina."

Na ce, "Yaya, rana ta yi zafi, bari in je maka."

"Ina so in ga sunana a takardar gida kafin ɗaya ƙafar ma ta yi ritaya."

Muka je. Ma'aikacin ya duba kwamfuta ya ce da Larabci, "Baffa, ai ka riga ka ci naka. Kana da gida a Khalidiyya."

Yaya ya yi dariya. "Ni? Gidana shi ne keken nan da nake zaune a kai, mai taya biyu." Da ya ga ba wasa ba ne, ya juyo. "Habu, wani ɗan iska ya shiga sunana. Ka nemo min shi."

Na ce, "Insha Allah." Da sunan Allah na rufe ƙazantata. Tir!

Muka tsaya La'asar a masallacin Anbariyya. Yana kan kujera a ƙarshen sahu, ina gefensa. Bayan sallama ya ɗaga hannu, na ji yana roƙon Allah ya saka min da alheri, ya taimake ni in gano ɓarawon.

Na fita wajen alwala na yi amai. Na wanke baki na dawo, na kifa goshi a ƙasa. Ban iya doguwar addu'a ba. Cewa kawai na yi, "Ya Allah, warin kaina ya ishe ni. Ka buɗe min baki."

Ya kuwa buɗe. A mota na faɗa masa komai.

Sai ya ce, "Duk Juma'ar nan da kake goyo na, kana sane?"

"Ina sane, Yaya."

Ya sauke gilashi ya tofar da yawu.

"Takardar gidan da sunan wa?"

"Da naka."

"To gaya wa 'yan hayarka mai gida zai shigo."

Wata biyu ke nan da ya tare a gidan na Khalidiyya. Diyyarsa ya turo min a matsayin kuɗin gidan, ya ce shi ba ya cin haram irina. Ya soke wakalar. Ni ma na je na faɗi gaskiya inda ya kamata, yanzu ba mai ba ni takardarsa, kuma daidai ne. Yaya yana amsa sallamata, amma bai yarda in taɓa kekensa ba. Ban ce ya yafe ba, ban kuma cancanci in matsa masa ba.

Duk da haka ina gode wa Allah da ya tona ni da bakina tun ina numfashi. Yau Yaya yana fita masallaci da kansa, sau biyar.

'Yan'uwa, kada wanda ya ce nasa laifin ya fi ƙarfin rahama. Ku dogara ga Allah, ku faɗa. In akwai mai riƙe da haƙƙin wani a cikinku, kada ya jira a tashi majalisa. Ƙofa ga ta nan, ba wanda zai tambaye shi ina za shi.