Turaren Yaya a Wuyan Auta

AUTA: Salamu alaikum. Yaya? Kina ji na?

YAYA: Wa alaikumus salam. Ɗaga murya, Auta, kin san ɗakin nan na asibiti sai na karkata wajen taga.

AUTA: Ina wuni? Ya jiki?

YAYA: Da sauƙi, alhamdulillahi. Ya gida? Ya Mama?

AUTA: Tana gaishe ki. Ƙafar fa?

YAYA: Tana nan rataye a sama kamar shanya. Likita ya ce sai nan da kwana goma zai sallame ni.

AUTA: Kwana nawa?

YAYA: Goma! Kunnenki ne ko wayar?

AUTA: Wayar ce. Allah ya ƙara sauƙi. Baban Gimbiya ya kawo miki filon?

YAYA: Ya kawo, amma ba wanda na ce ba. Tsaya, Auta. Ina 'yata?

AUTA: Gimbiya? Ga ta nan.

YAYA: Nan ina? Sati biyu ina kwance, duk kiran da kika yi kukanta nake fara ji kafin muryarki. Yau shiru. Me ya same ta?

AUTA: Barci take, wallahi. Ta shanye fida guda ta yi gyatsa.

YAYA: Yarinyar da ke ture fida da ƙafa? Me kuka ba ta? Idan maganin barci Mama ta ɗura wa jaririyar wata tara...

AUTA: Haba Yaya! Ba a ba ta komai ba.

YAYA: To me ya canja?

AUTA: Ki fara yin alkawari ba za ki yi faɗa ba.

YAYA: Ba zan yi alkawari ba. Faɗi.

AUTA: Shekaranjiya ina neman katin rigakafinta a durowarki. Tana goye a bayana, tana ta tsala ihu har muryarta ta dishe. Sai hannuna ya taɓa kwalbar nan.

YAYA: Wace kwalba?

AUTA: Turarenki. Mai ruwan zuma, na ambar ɗin nan da in ya zauna a jiki sai ki ji kamar an buɗe gwangwanin ganyen shayi.

YAYA: Wanda na ce ko murfinsa kada ki taɓa?

AUTA: Wanda kika yi kwana uku ba ki yi min magana ba a kansa, shi.

YAYA: Auta!

AUTA: Sau ɗaya na fesa, a wuya. Ni ma ban san dalili ba, kewarki ce ta kama ni. Yaya, kafin na rufe durowar yarinyar nan ta yi tsit. Na ɗauka wani abu ne ya same ta, na kwance goyon da sauri. Sai ta cusa hanci a wuyana tana shaƙa, tana ajiyar zuciya, ta damƙe min riga. Na miƙa mata fida, ta karɓa.



AUTA: Hello? Layin ya yanke ne?

YAYA: Ina ji.

AUTA: Tun ranar kullum da safe nake ɗan fesawa. Tana ci, tana barci, kumatun ma sun fara dawowa. Ki yi haƙuri, na san abinki ne.

YAYA: Ba turaren ba ne. Ki ƙarar da shi ma in kin so.

AUTA: To me ya sa muryarki ta canja?

YAYA: Ta ɗauka ke ce ni.

AUTA: A'a, ƙamshin ne kawai yake...

YAYA: Kada ki lallashe ni. Ta fara cewa wani abu?

AUTA: Surutun jarirai dai.

YAYA: Na san ki tun kina cin ƙasa, in kina ɓoye abu sai ki ce "dai". Me ta ce?

AUTA: Jiya... ta ce "mama".

YAYA: Wa take kallo?

AUTA: Yaya...

YAYA: Ke take kallo.

AUTA: Fuskarta na cikin wuyana, ba ta kallon kowa. Wallahi ke take kira. Kuka kike yi?

YAYA: Ina zan yi kuka a gaban mutane? Wata tara ina jiran kalmar nan. Ga shi ba sa barin jarirai su shigo ɗakin nan ko na minti ɗaya. Kuma da kin ji ni yanzu! Warin magani ya kama gashina, ya kama fatata, ni kaina ban gane kaina ba. In na dawo na miƙa mata hannu ta juya ta maƙale ki fa?

AUTA: To na daina fesawa daga yau.

YAYA: Ki daina ta koma kuka da yunwa? Kina da hankali kuwa? Ki ci gaba. A bayan kunne nake sawa, da tsakanin ƙirji, inda take kwantar da kai. Ki bar shi ya ɗan huce kafin ki ɗauke ta, da farko yana da ƙarfi.

AUTA: To, Yaya.

YAYA: Saura yaya a kwalbar?

AUTA: Kamar faɗin yatsa biyu. Katin wayata zai ƙare, sun yi min gargaɗi.

YAYA: To saurara. Ki rage min. Ranar da za ku zo ku ɗauke ni, ki sako kwalbar a jaka, na shafa kafin mu shiga gida.

AUTA: Insha Allah.

YAYA: Ke kuma ranar ki yi wanka da sabulun Mama, ki sa rigar da ba ta taɓa jin turaren ba. Kada ki fesa ko ɗigo. Kin ji ko? Auta? Kin ji abin da na...