Macizai Biyu a Bangon Ɗakin Shan Magani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Ɗangiwa, iyayen ƙasa, malamanmu limamai, ma'aikatan lafiya, manoma da makiyayan Fakku da kewaye, baƙinmu da sunka taso daga Kebbe da Tambuwal, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Abdulganiyyu, malamin tarihi ne ni a Tambuwal, amma a garin nan anka yanke mini cibiya. Na gode da anka ba ni dama, na gode wa duk wanda ya ɗauki bulo ko ya ɗebo ruwa har munka gina wannan ɗakin shan magani da ke bayana. An ce in yi jawabin murna. Ku gafarce ni, ba ni da ita. Ƙanena Malami yana kwance a Sakkwato, likitoci sun yi ta fama ko za su ceci ƙafarsa ta dama, kuma ba zan iya tsayawa gaban bangon nan in yi yabo ba.

Abu na farko, yadda abin ya faru. Malami na ɗaga damin gero a gona kububuwa ta sare shi a idon sawu. Maƙwabcinsa Mu'awiya ya aza shi bisa babur. Da sunka iso mararraba, hanya ɗaya ta nufi babban asibiti, ɗaya ta nufo nan, sai Mu'awiya ya ce, "Mi za ya kai mu nesa, ga asibitin maciji ƙofar gida?" Jama'a, asibitin maciji! Ashe tun ranar da anka zana macizan nan a bango haka ake kiran wurin nan a gonaki da rugage, mu da ke gari ba mu sani ba.

Malama Ni'imatu, ma'aikaciyarmu, ta gaya musu gaskiya, ta ce allurar dafin maciji ba ta taɓa shigowa ɗakin nan ba, su wuce da shi maza. Ba su yarda ba. Mutane sunka taru, ana roƙonta, ana zarginta da ɓoye magani don manya, tana kuka tana rantsuwa, ƙafa na kumbura. Wani dattijo ya nuna bango da sandarsa ya ce, "In babu, don mi kunka zana shi?" Kafin su haƙura su kama hanya, rana ta yi nisa, dafi ya yi nasa aiki.

Kada kowa ya ce Mu'awiya ya yi wauta. A ƙasar nan tela keke yake zanawa a ƙofarsa, mai shayi kofi yake zanawa, mai aski almakashi. Haka munka saba, abin da ke bango shi ke ciki. Mu'awiya ya karanta bangon nan daidai, bangon ne ya yi ƙarya.

Abu na biyu. Na tambayi Ɗan'iya mai fenti inda ya samo hoton, ya ce a waya ya gani, an ce alamar asibiti ce. Sai na shiga littattafai. Wallahi abin da na tarar ya sa na kasa cin tuwo.

Ku duba da kyau: sanda, macizai biyu sun nannaɗe ta, fukafukai a sama. Wannan sandar wani abin bautar mutanen Girka ce na zamanin jahiliyyarsu, suna ce masa Harmis. A tatsuniyarsu, an haife shi da safe, kafin rana ta faɗi ya sace shanun yayansa. Makiyaya, ku saurara! Da baya da baya ya kora su, don mai bin sawu ya nufi inda sunka fito, ba inda sunka tafi ba. Sunka ce wata rana ya iske macizai biyu na faɗa, ya jefa sandarsa tsakaninsu, sunka naɗe ta. Shi ne ubangidan fatake, shi ne ubangidan ɓarayi, kuma, innalillahi wa inna ilaihi raji'un, shi ne a wurinsu mai yi wa matattu rakiya zuwa lahira. Sandar ɓarawon shanu, sandar ɗan rakiyar matattu, ita munka kafa a ƙofar da muke shigo da marasa lafiyarmu, ita muke sa matanmu masu ciki su ratsa ƙarƙashinta!

Ko a wurin Girkawan ma ba ita ce alamar magani ba. Mai maganinsu daban ne, Askilifiyos, sandarsa maciji ɗaya gare ta, babu fiffike, don sun ga maciji na yin saɓa ya fito sabo, sunka ce haka majinyaci ke tashi. Ke nan mun yi aro, kuma ba mu ari daidai ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Ban ce Ɗan'iya ya yi shirka ba, ban ce kwamitin gini ya yi ba, rashin sani ne, shi kuwa ya fi dare duhu. Amma rashin sani bai hana dafi tafiya a jini.

Abu na uku, roƙo ne. Kaka ba ta ƙare ba, damma na nan jibge a gonaki, kububuwa na ƙarƙashinsu. Yanzu haka akwai mai babur a wani ƙauye da ya tabbata nan ne asibitin maciji. Ko dai mu nemo allurar da abin sanyaya ta, ko mu shafe bangon nan yau, limamai su yi shela ranar Juma'a, a faɗa a kasuwa, a faɗa a rugage: wanda maciji ya sara, a wuce da shi babban asibiti, kada a tsaya.

Ina hanyar zuwa nan da safe Batula matar Malami ta kira ni. Da asuba anka yanke ƙafar, daga gwiwa. Ta kara masa waya a kunne, sai shi ya riga ni magana. Ya ce, "Yaya, kak ku bari a ga laifin Mu'awiya, gudu yay yi da ni kamar ɗan'uwanai. Ku dai shafe abin nan tun ba a kai wani ba."

Ranka ya daɗe, farar ƙasa da buroshi na nan cikin motar da ta kawo ni. Ina roƙon kada a raba abinci sai an shafe.

Allah ya ba Malami haƙuri da lafiya, ya buɗa masa hanyar ciyar da iyalinsa. Allah ya tsare manomanmu da makiyayanmu daga sharrin abin da ke ja da ciki. Allah ya sanar da mu abin da ba mu sani ba tun bai cutar da mu ba, ya mayar da kowa gidansa da ƙafafunsa.

Na gode.