Tela Mai Taku Dubu Ashirin

Jama'ata barkanku, ku matso ku sha labari. A ɗakin jira na asibiti, ranar da ake auna waɗanda suka yi wata uku suna gwada manhajar rage ƙiba mai ƙirga taku a waya, wani tela mai tumbi ya zauna kusa da wata dattijuwa yana ta shafa wayarsa.

"Mama, ke ce ta nawa a jerin masu yawan tafiya?"

"Ta ƙarshe, ɗana. A gida nake barin wayar, kar ta faɗi a hanyar kasuwa. Kai fa?"

"Na ɗaya! Taku dubu ashirin kullum. Yau za a liƙa hotona a bango."

Ta dubi cikinsa. "Ikon Allah. Shi wannan a gida kake barinsa in za ka fita?"

"Gado ne, Mama."

"Ina kake zuwa haka kullum?"

"Zuwa? Ni da ba na tashi daga kan keken ɗinki? A safa nake cusa wayar, ina taka keke tana ƙirgawa, sai..." Ya dafe bakinsa.

"Au! Ashe wayar ce ta rame."

"Don Allah rage murya. Matata ta gama shelantawa a layinmu cewa ni ne na ɗaya."

Ma'aikaciya ta leƙo. "Na ɗaya, zo ka hau sikeli. Kowa ya matso ya ga gwarzonmu!"

Tela ya shanye ciki, ya cire hula, agogo, har da takalmi. Mama ta miƙa hannu.

"Kawo wayar in riƙe maka. Ta gaji, baiwar Allah."

Ku da kun hau sikelin, ko kuwa da kun ce fitsari ya matse ku nan take?