Ciwon Ba a Hannu Yake Ba

Ranar da aka aiko mini cewa maigidana ya rasu a asibiti a Dutse, na shiga mota a tashar Jahun, muna jira ta cika. A kujerar gabana wani dattijo da wata matashiya suna hira.

"Baba, wannan kwalbar fa?"

"Man shanu ne da citta. Hannun ƙanena na dama ne ya mutu shekaranjiya. Wanzami ya yi masa ƙaho, saura shafawa."

"Bakinsa ya karkace?"

"Ke 'yar nan, duba kike yi?"

"Aikin jinya nake yi. Baba, ciwon ba a hannu yake ba, a ka yake. Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa hannu saƙo. Jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu, shi ya sa dama ta saki."

"Hagu kuma? Ni dai hannu na ga ya faɗi, ban ga kai ya faɗi ba."

"Da kun kai shi asibiti a ranar, da da sauƙi."

"A ranar muna yankan gero. Yanzu fa?"

"Ku kai shi dai."

"Na ce yanzu fa?"

"Allah ya ba shi lafiya, Baba."

Dattijon ya mayar da kwalbar aljihu.

Ni kwana huɗu na yi ina shafa wa maigidana mai a hannu kafin 'yan'uwansa su ɗauke shi zuwa asibiti. Har yau, duk wanda ya gaishe ni da safe, bakinsa nake fara kallo kafin in amsa.