Yau Babu Tashi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar masu tuƙa tsofaffin jiragen sama a kwamfuta ta nan Dushanbe, Malam Saidbek. Mai girma shugaban unguwarmu da dattawan da suka rako shi. Kyaftin Jamshed da sauran tsofaffin matuƙa, waɗanda suka tuƙa jirgin gaske amma ba su raina masu tuƙa na ɗaki ba. Malaminmu da ya buɗe mana taro da addu'a. 'Yan uwana mutanen Horog da nake hangowa can baya, kun haɗa kai kuna ƙus-ƙus kamar yadda kuka saba. Maƙwabta maza da mata, manya da yara: assalamu alaikum.

Sunana Gulnamo, matar marigayi Mirzosho. Ban yi nisa a karatu ba, ban kuma taɓa tsayawa a gaban jama'a mai yawa haka ba. In kun ji muryata tana rawa, ku yi mini uzuri.

Ina godiya ga waɗanda suka yi ta zarya asibiti lokacin jinyarsa. Ina godiya ga waɗanda suka ɗauke shi a kafaɗa suka kai shi makwancinsa. Ina godiya ga waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai suka sani a kwamfuta, amma suka aiko da ta'aziyya daga ƙasashen da ban iya faɗin sunayensu ba. Ina kuma godiya ga 'yan ƙungiyar nan da suka sauko da na'urarsa daga benenmu, suka kawo ta wannan zaure suka sake haɗa ta, ba su manta ko da kujerar kicin ɗin nan da kuke gani a bayanta ba. Wannan kujerar tawa ce.

Kun san abin da ya tara mu. An shirya Kyaftin Jamshed zai zauna a mazaunin mijina, ya tada tsohon jirgin nan mai farfela biyu, ya tuƙa shi daga Dushanbe zuwa Horog don tunawa da shi, ni kuma in zauna a baya. To amma na'urar tana ɗauko yanayin sama na gaskiya, kuma yau ta nuna gajimare ya rufe ƙofar duwatsu, mashigar da jirgi ke bi zuwa Horog. Ɗazu Malam Saidbek ya ja ni gefe, ya ce, "Inna Gulnamo, jama'a sun taru, ga manyan baƙi. Maɓalli ɗaya ne fa, a danna shi sama ta washe tas. Kuma kar ki manta jibi za ki tafi." Gaskiya ya faɗa. Jibi zan koma Rasha wurin 'yata Manzura, ban kuma san ko zan sake ganin wannan kujera ba. Na ce masa ya bar ni in ba shi amsa a gaban kowa. Amma kafin nan, ku ba ni aron kunnuwanku in faɗi abu uku.

Abu na farko, ina so ku san ko wane ne Mirzosho kafin ya zama kyaftin ɗin cikin ɗaki. Shi ba matuƙi ba ne. Ya so ya zama, likita ya duba idanunsa ya ce a'a. Sai ya kama aiki a ƙaramin filin jirginmu na Horog, yana auna kaya yana lodi. Ku mutanen dutse kun san jirginmu ba ya bi ta saman duwatsu, tsakaninsu yake ratsawa, don haka in gajimare ya zauna a ƙofar, babu mai motsawa. Dole a sami wanda zai fito ya gaya wa fasinjoji. Manya ba sa son shan zagi, sai su tura Mirzosho. Ya fito ya cire hula, ya ce, "Jama'a, yau babu tashi. Ku dawo gobe da sassafe, in Allah ya kai mu."

A nan na san shi. Ina budurwa, na sami takardar zuwa jarrabawar shiga makarantar ungozoma a Dushanbe. Ƙanƙara ta toshe hanyar mota, sai jirgi. Kullum in zo da ƙullin kayana, kullum wannan dogon saurayi mai kaurin tabarau ya fito ya cire hula. Har ranar jarrabawa ta zo ta wuce ina zaune a kan benci. Ran nan na tare shi a gaban mutane na ce, "Kai mai ido huɗu, ka cinye mini makaranta!" Ya ce, "Ƙanwata, ba ni ba ne, gajimare ne." Na ce, "To ai kai ne bakinsa!" Ya shiga ciki, ya fito da kwanon shayi mai madara da gishiri da man shanu, da busasshen tut, ɗan itacen nan namu mai zaƙi, cike da tafin hannunsa, ya ajiye a gefena. Na rantse ba zan sha ba. Na sha. Shekarar da ta biyo baya mahaifina ya kwanta ciwo, maganar makaranta ta mutu, ni kuma na auri bakin gajimare.

Abu na biyu shi ne wannan na'ura. Bayan ya yi ritaya mun dawo nan birni, zaman bene ya ishe shi, ya zama kamar tsuntsu a keji. Manzura ce ta aiko masa da kwamfuta, mijinta ya nuna masa yadda ake tuƙa jirgi a cikinta. Akwai jiragen zamani iri-iri a ciki, bai ko kalle su ba. Sai da ya nemo tsohon nan na zamanin ƙuruciyarmu, mai ƙara kamar injin niƙa. Ya lalata mini ƙofar kabad ya yi allon maɓallai da ita. Ya sa aka ƙera masa sitiyari. Maƙwabciyarmu ta ƙasa ta hau bene ta ce, "Gulnamo, wai mijinki walda ya koma yi ne?" Na ce, "A'a, Horog za shi." Ta ce, "To ya gaida mutan gida."

Wata safiya ya jawo kujerar kicin ya ajiye a bayansa, ya ce, "Jirgin fasinja ba ya tashi fanko. Zauna." Na ce, "Baban Manzura, tsufa ne ko me? Ga kwaɓin gurasa yana jirana." Ya ce, "Fasinja, ɗaura ɗamara, ban da surutu." Ya miƙo mini alewa, irin yadda ake ba mu a jirgi a da saboda toshewar kunne. Na zauna don in yi masa dariya. Ya tada injin hagu, ya tada na dama, ɗaki ya ɗauki gurnani. Muka tashi. Ba ya tsallake komai, yadda tafiyar take a gaske haka yake yin ta. Can sai ga duwatsu sun matso ta dama da hagu, har na ga kamar fiffike zai goge su, na riƙe bayan kujerarsa ban sani ba. Sai ga kogin Panj a ƙasa yana sheƙi. Ya ce, "Leƙa dama. Ga kwarin su innarki." Jama'a, babu komai a wurin sai ɗan kore a tsakanin duwatsu. Amma na yi shekaru ban ga gida ba. Gurasar ranar ba ta gasu ba.

Tun daga nan na zama fasinja. Sai dai yana da doka. Kowace safiya zai duba yanayin gaskiya na hanyar. In ƙofar a buɗe take, mu tashi. In a rufe take, ya miƙe tsaye a tsakar ɗaki, ya cire hula, ya kalle ni ni kaɗai kamar mutum hamsin ne a gabansa, ya ce, "Jama'a, yau babu tashi." Sai in dafa shayi mai gishiri, in zubo tut, mu zauna mu yi ta hira. 'Yan ƙungiya kun sha tsokanarsa. Kyaftin Jamshed, na taɓa jin ka ta lasifika kana cewa, "Mirzosho, kai kaɗai ne matuƙin da gajimare ke hana shi tashi a cikin falonsa!" Shi kuma ya ce, "Kai ai da can ma kana ɓoye a ofis, ni ake turawa a zaga."

Ni ma na taɓa gajiya. Wani lokacin sanyi muka daɗe ba mu tashi ba, kewar gida ta dame ni. Na ce, "Haba Baban Manzura, wasa ne fa. Danna abin nan ka kai ni gida." Ya cire tabarau yana gogewa. Sannan ya ce, "Gulnamo, da bakin nan nawa na hana mutum zuwa jana'izar uwarsa. Na hana ango zuwa ɗaurin aurensa. Na ga wata yarinya tana kuka a kan benci saboda makarantarta ta wuce ta. Duk na ce musu ba yadda za a yi. Yanzu in zo in share gajimaren da yatsa ɗaya, kamar bai taɓa cinye wa kowa komai ba?" Ban sake roƙonsa ba. Ni na daɗe da yafe waccan makaranta. Ashe shi bai taɓa sauke ta ba.

Abu na uku gajere ne, don ba zan iya daɗewa a kansa ba. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, hannuwansa suka fara rawa, ko kofi ba ya iya riƙewa. Allah da ikonsa, lokacin gajimare ne, kullum ƙofar a rufe. Yana cire hula daga zaune, yana faɗin maganarsa, babu wanda ya ce komai game da hannu. Sai wata safiya sama ta washe tun daga nan har Horog, ko ɗigon fari babu. Ya kalli allo, ya kalli sitiyari, ya kalli hannuwansa a kan cinyarsa. Na ga yana neman abin da zai ce. Sai na riga shi, na ce, "Kyaftin, yau fasinja ba ta shirya ba. Wanki gare ni." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Fasinja, ba ki iya ƙarya ba. Jiya kika yi wanki." Na ce, "To na ƙara ne. Ko za ka tashi fanko?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Jirgin fasinja ba ya tashi fanko." Muka sha shayi, ni na riƙe masa kwanon. Bai sake zama a kan kujerar tuƙi ba.

To, Malam Saidbek, ga amsata. Allah ya sani babu wanda ya kai ni son wannan tafiya a cikin zauren nan. Tun da ya rasu ban ji gurnanin injin nan ba, ban ga ɗan koren nan na kwarinmu ba. Alewata ma tana nan a aljihuna, tun jiya na saya. Amma na ba ku na'urar ne tare da dokar mai ita, da kuma kujerar baya. Ku bar kujerar ga duk wanda kewar gida ta kama, ku ba shi alewa, ku kai shi in hanya ta buɗe. In ba ta buɗe ba, ku ba shi shayi. Ina roƙonku, don girman Allah da darajar zaman da kuka yi da shi, kada a taɓa maɓallin nan. Manyan baƙi, ku gafarce ni, na san kun bar ayyukanku. Ba za ku koma da ciki wayam ba: matan Horog sun kwana da shiri, ga tukunyar shayi can, ga gurasa, ga tut.

Kyaftin Jamshed, gobe tana nan kafin jibi. In ka duba da safe ka ga ƙofar ta buɗe, ka aiko a kira ni, kayana a ɗaure suke. In ba ta buɗe ba, babu komai. Na taɓa rasa jirgi a wannan hanya, kuma abin da na samu a kan benci ya ishe ni har ƙarshen rayuwata.

Ga hularsa na zo da ita. Ba ni da tsayinsa, ba ni da muryarsa, amma dole a sami wanda zai fito ya faɗa.

Jama'a, yau babu tashi. Ku dawo gobe da sassafe, in Allah ya kai mu.

Allah ya jiƙan Mirzosho, ya haskaka kabarinsa, ya buɗe masa ƙofar da babu gajimare a cikinta. Allah ya jiƙan iyayenmu da duk waɗanda suka riga mu. Allah ya tsare matafiya na sama da na ƙasa, ya ba masu jira haƙuri, ya sada wanda ke nesa da gida da danginsa. Allah ya albarkaci wannan ƙungiya da wannan unguwa, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ku matso a sha shayi tun da zafinsa.

Na gode.