Ƙwai Ɗari Uku da Suka Ƙi Ƙyanƙyashewa

Ina zaune a bencin shagon gyaran kwamfuta ina jiran layi. Wani dattijo mai kiwon kaji ya buɗe tasa yana ta tsaki, wata matashiya a gefensa tana leƙe.

"Baba, lafiya?"

"Ina lafiya, ƙwai ɗari uku sun lalace a injin ƙyanƙyasa? Mijin 'yata ne ya rubuta masa tsarin kwamfutar da ke sarrafa shi. Da gangan ya yi. Na ce yau ya bar min gona."

"Mu gani, aikina ne." Ta jawo kwamfutar. "Sunan ZAFI sau biyu yake a nan. Ɗaya a tsarin uba da injin ya gada, digiri talatin da bakwai. Ɗaya a babban sashen da aka ajiye injin a ciki, talatin da biyu."

"Shi ya turo ki?"

"Ban ma san shi ba."

"To ɗa ba ubansa zai fara tambaya ba?"

"Wannan harshen kwamfutar ba haka yake ba. Ɗakinsa yake fara dubawa, sai tsakar gida. In bai samu ba, sannan ya nemi gado. Na kusa ya ɗauka, talatin da biyun, zafin bai isa ba."

"Kin cika kare shi."

"Nasa daidai ne, Baba. Wa ya ƙara talatin da biyun?"

Dattijon ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Na ɗakin 'yan tsaki ne. Na ga yadda yake rubutawa, na kwaikwaya." Ya lalubo waya a aljihu. "Yarinya, in ya ɗauka, ke za ki fara magana."