Fuskar Sailuba

A tashar motocin Agadas da ke Sabha a ƙasar Libiya, wani dattijo ya leƙa zanen fuskar wata mace a takarda, wanda mutumin kusa da shi ya ɗora a cinya.

"Wace ce wannan, ɗana?"

"Wai matata ce, Baba, Sailuba. Ta rasu bara, hotunanta kuma suna cikin wayata da ta ɓace a sahara. Shi ne na je wurin wani mai zane a unguwar Gurda, na rera masa waƙar da na yi mata, ya zana abin da ya ji."

"Ta yi kama da ita?"

"Na kasa ganewa. A waƙar na ce idonta kamar ruwan rijiya, sai ya yi mata manyan idanu. Nata kuwa ƙanana ne."

"Ka gani, waƙa ta fi zane. Tana bakinka, ba mai canza maka ita."

"Haka na ɗauka. Amma waƙar ba ta faɗi yadda hancinta yake ba. Da mai zanen ya tambaye ni, sai na tsaya ina tunani."

"Rufe ido ka rera, za ta zo maka."

"Na gwada jiya. Wannan ta jikin takardar ce ta zo."

Dattijon ya ce, "To bar ta a nan, ka tafi da waƙarka."

"'Yarmu shekararta uku, Baba. Duk sanda na kira gida, sai ta ce in kawo mata mamanta ta gani."

"Za ka ce mata ita ce?"

"Kai ne babba. Me zan ce mata?"

"Ni ma ban sani ba, ɗana. Naɗe shi dai da kyau, kada ya yage a hanya."